Sunan Hausa da Sunan Latin: Sharhi a kan Ƙamus ɗin Tsirrai na Dalziel da Matsalar Iyakar Nau'i

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba kundayen da ɗalibanmu suke rubutawa a kan magungunan gargajiya, ko abincin Hausawa, ko sana'o'i irin su jima da rini, zai lura da wata al'ada guda. Da zarar marubuci ya ambaci wani itace ko ciyawa, sai ya bi sunan da na Latin, kamar mai buga hatimi a kan takarda. A zatonsa sunan Hausa na kasuwa ne, na Latin kuwa shi ne tabbatacce wanda ba ya motsi. In aka bi salsalar da yawa daga cikin sunayen nan, sai a tarar daga rijiya ɗaya aka ɗebo su, ko kai tsaye ko ta hannun wani, watau littafin John McEwen Dalziel mai suna A Hausa Botanical Vocabulary, wanda aka buga a Landan cikin 1916.

Manufar wannan takarda ita ce ta auna littafin nan da kuma yadda muka yi amfani da shi cikin shekaru fiye da ɗari. Abin da nake so in nuna shi ne, iyakar da masana ilmin halittu suke shatawa tsakanin wannan halitta da waccan hukunci ne da aka gina bisa hujja, kuma yakan sake in hujja ta sake. Wanda bai san haka ba zai yi ta kwafar hukuncin 1916 yana tsammanin gaskiyar yau ce. Yawancin misalan da zan kawo na ƙasar Sakkwato ne da kewayenta.

2.0 Kalmomin Aiki

Kafin mu shiga littafin, dole ne mu daidaita bakinmu. Bahaushe yakan ce iri, ko launi, ko dangi, ko jinsi, ko nau'i, ba tare da ya tsaya bambanta su ba, kuma a hirar yau da kullum wannan ba laifi ba ne. A fagen nazari kuwa ruɗani yake kawowa. Maganin abin yana nan a gida. Malamanmu na zaure da suka karanta ilmin manɗiƙi sun daɗe da sanin cewa jinsi shi ne babban rukuni, nau'i kuma shi ne ƙaramin da ke ƙarƙashinsa. Haka ma masana ilmin halittu masu rubutu da Larabci suke amfani da kalmomin biyu. Saboda haka a wannan takarda jinsi yana nufin rukunin da kalmar farko ta sunan Latin take nunawa, nau'i kuma shi ne wanda kalmomin biyu tare suke nunawa. Iri kuwa na bar shi ga abin da ke ƙasa da nau'i, wanda manomi ko makiyayi ya zaɓa da hannunsa. Na san masu nahawu sun riga sun ɗauki jinsi don namiji da mace, amma kalma ɗaya takan yi aiki biyu a fanni biyu ba a sami rikici ba.

Wannan tsari na suna mai kalma biyu, Carl Linnaeus mutumin Suwidin ne ya kafa shi, ga tsirrai a 1753, ga dabbobi kuma a 1758. Shi da magajinsa na farko da sura suke aunawa: ganye, fure, 'ya'ya, ƙashi. Bayan da Charles Darwin ya fitar da littafinsa a 1859, sai tambayar ta koma ta zuriya, watau wa ya fito daga wa. A 1942 Ernst Mayr ya kawo ma'aunin da ya fi shahara a makarantu: nau'i shi ne taron halittun da suke barbara da juna a inda suke zaune, su haifi 'ya'ya masu haihuwa, kuma akwai shamaki tsakaninsu da sauran taruka.

Wanda ya shiga kara ranar kasuwa zai ga ma'aunin nan da idonsa. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙetaren hamada, ta bambanta da doguwar akuyar Sahel a launi da tsawo, amma in aka haɗa su sukan haihu, 'ya'yan su ma su haihu. Iri biyu ke nan na nau'i ɗaya. Doki da jaki kuwa sukan haifi alfadari, amma daga nan zuriya ta tsaya, domin doki yana da kuromosom 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63 waɗanda ba sa rabuwa daidai. Nau'i biyu ke nan na jinsi ɗaya.

3.0 Littafin da Marubucinsa

Dalziel likita ne ɗan Sikotlan, wanda ya shiga aikin asibiti na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma a 1905. A wuraren da aiki ya kai shi a Arewa ya riƙa tara tsirrai yana busarwa, yana tambayar sunayensu da amfaninsu, yana aika samfura zuwa Ingila. Daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma wanda ya fito tsakanin 1927 da 1936, sa'an nan a 1937 ya fitar da nasa a kan tsirrai masu amfani.

Tsarin ƙamus ɗin 1916 mai sauƙi ne. An jera sunayen Hausa bisa haruffa, kowanne a bi shi da na Latin, kana a ɗan yi bayanin kamanni da amfani, wani lokaci a nuna garin da ake faɗin sunan, ko Kano, ko Katsina, ko Sakkwato. Yabon gwani ya zama dole. Littafin ya riga ƙamus ɗin Bargery na 1934 da shekara 18, kuma ya adana sunayen ciyayi waɗanda yaron birni na yau bai taɓa ji ba. Mutumin ya saurari manoma da masu magani a lokacin da yawancin Turawan mulki ba su ɗauke su masu ilmi ba.

Sai dai tsarin yana da illa biyu. Ta farko, jeri bisa haruffa ya wargaza hikimar da Bahaushe yake bi wajen rarraba tsirrai. Bahaushe yakan ɗauki tsiro sananne ya mai da shi ma'auni, sa'an nan ya jingina masa masu kama da shi: gauta da gautan kura, tsamiya da tsamiyar kurmi, kaɗanya da namijin kaɗe. In ya ce namiji, ba jinsin haihuwa yake nufi ba, yana nufin mai kama da na ainihi amma ba ya ba da amfanin da ake nema. In ya jingina abu ga kura ko biri, yana nufin na daji ne. Wannan tsari ne cikakke wanda aka gina a kan amfani da kamanni, kuma ya cancanci babi nasa. Illa ta biyu ta fi girma. Sa suna a gefen suna yana sa mai karatu ya zaci kowane sunan Hausa yana da abokin Latin guda ɗaya tak, na har abada. Misalan da ke tafe za su nuna ba haka abin yake ba.

4.0 Itatuwa Uku da Sunayensu

4.1 Kaɗanya

A zamanin Dalziel sunanta Butyrospermum parkii. Yau sunanta Vitellaria paradoxa. Ba wani sabon abu aka gano a jikin itacen ba. Dokar sunaye ta ce wanda ya riga shi ne mai haƙƙi, kuma an tabbatar cewa sunan Vitellaria tun 1807 aka buga shi. Wannan shi ne sauyi mafi sauƙi, gyaran rajista kawai.

4.2 Ɗorawa

Labarin ɗorawa ya shafi birnin nan kai tsaye. Robert Brown ne ya ƙirƙiri sunan jinsinta, Parkia, don tunawa da Mungo Park, kuma ya buga shi a 1826 a ratayen littafin tafiyar Denham da Clapperton, tafiyar da ta kawo Clapperton gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824. Dalziel da mutanen zamaninsa sun kira ɗorawarmu Parkia filicoidea, alhali wannan suna na wata 'yar'uwarta ce ta kurmi. A 1955 R. W. J. Keay ya ware ɗorawar wannan sashe ya ce nau'i ce mai zaman kanta, saboda yawa da girman ƙananan ganyenta, ya sa mata Parkia clappertoniana, da sunan baƙon nan da ya rasu kusa da Sakkwato a 1827. A 1983 Helen Hopkins ta duba samfura daga yamma zuwa gabas, ta ga bambancin ganyen a hankali yake tafiya, babu wurin da za a ce nan ne iyaka. Sai ta mayar da su nau'i ɗaya, Parkia biglobosa. Suna uku ke nan cikin ƙasa da shekara 70, alhali mai daddawa ba ta taɓa ruɗewa da kalwarta ba. Har yanzu akan ci karo da sunayen uku a rubuce-rubuce, wani ma ya jera biyu daga ciki a matsayin itatuwa daban-daban.

4.3 Gawo, Bagaruwa da Dakwara

A 1916 duka ukun a jinsin Acacia suke. Bahaushe kuwa bai taɓa haɗa su a suna ɗaya ba, domin ya san gawo shi ne mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, bagaruwa ta majema ce, dakwara kuma mai ƙaro. A 1934 Auguste Chevalier ya fitar da gawo zuwa jinsinsa shi kaɗai, Faidherbia. Da aka sami dabarar karanta ƙwayoyin gado, sai ya bayyana cewa sauran ma ba tsatsonsu ɗaya ba, dole a raba gidan. Tambaya ita ce, wa zai gaji tsohon suna? Bisa ƙa'ida bagaruwa ce ma'aunin sunan Acacia tun asali. Amma a babban taron masana tsirrai na Biyana a 2005 aka bar sunan ga itatuwan Ostareliya, saboda nasu sun kusa dubu, kuma taron Melbon na 2011 ya tabbatar da haka duk da ƙin amincewar masana da yawa na Afirka. Yanzu bagaruwa Vachellia nilotica ce, dakwara kuma Senegalia senegal. A nan hujjar kimiyya ce ta raba jinsin, amma ƙuri'a ce ta raba gadon suna. Ya kamata ɗalibi ya iya bambanta waɗannan biyu.

5.0 Dalilin da Ya Sa Iyaka Take Motsi

Wani zai ce, ashe masanan nan ba su san abin da suke yi ba. Ba haka ba ne. Iyakar tana da wuyar shatawa ne domin rabuwar nau'i ba a dare ɗaya take aukuwa ba. Yawanci taro ɗaya ne yake rabuwa biyu, ko don teku ko hamada ko dutse ya shiga tsakani, ko don sashe ɗaya ya koma wani irin muhalli, ko ya sake lokacin haihuwarsa. Kowane sashe sai ya riƙa tara canje-canjen gado nasa, muhalli yana tace waɗanda suka dace da shi, har a kai lokacin da ko sun sake haɗuwa ba za su gauraya ba. Tsakanin farkon tafiyar da ƙarshenta akwai zango da yawa, kuma masani yakan tarar da halitta a tsakiyar hanya.

5.1 Gero, Maiwa da Shibra

Babu misalin da ya fi hatsinmu. An fara noma gero daga wata ciyawar daji ta Sahel, kuma tsofaffin burbushinsa da aka tono a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali sun kai kimanin shekara 4,500. Manomi ya zaɓi zangarniyar da ba ta zubar da ƙwaya, mai kauri, har ya sami gero mai nuna da wuri, da maiwa mai jiran ƙarshen damina, da dauro da ake dasawa a kudancin ƙasar Hausa. A shekarun 1930 Otto Stapf da C. E. Hubbard suka dubi surar zangarniyoyin da aka aika musu, suka yanka hatsin nan zuwa nau'o'i masu yawa, har ɗaya suka sa masa Pennisetum maiwa, kalmar Hausa ta shiga Latin. A 1977 Brunken da de Wet da Harlan suka nuna cewa duka suna barbara da juna, har da na daji, saboda haka nau'i ɗaya ne.

Shaidar wannan tana gonar kowa, ita ce shibra, wadda wasu suke kira shura. Tana tsirowa kamar gero, ba a gane ta wajen cira sai ta fitar da kai, sa'an nan ta zubar da ƙwayarta kafin girbi. Jinin gero ne da na kakarsa ta daji suka haɗu a cikinta. Watau shekaru dubbai na zaɓe sun canja surar gero ƙwarai, amma ba su rufe ƙofar barbara ba. Duk da haka ga alamar yadda shamaki yake farawa: gero da maiwa ba lokaci ɗaya suke yin bununi ba, saboda haka gaurayarsu takan ragu ko da gonakinsu suna maƙwabtaka. Daɗin daɗawa, a 2010 nazarin ƙwayoyin gado ya sa aka shigar da jinsin Pennisetum cikin Cenchrus, gero ya zama Cenchrus americanus, ɗan ɗaki ɗaya da ƙarangiya, ko da yake masana aikin gona da yawa suna nan a kan Pennisetum glaucum. A nan Bahaushe ya fi Latin tsefewa, yana da suna huɗu inda masani yake da ɗaya.

5.2 Sauro

Akwai kuma inda abin yake juyawa, suna ɗaya na Hausa ya rufe nau'o'i da yawa. Misalin da ya fi fitowa fili ba na tsiro ba ne, amma darasinsa ya shafi ƙamus ɗin. Sauron da ya fi yaɗa zazzaɓin cizon sauro a Afirka an daɗe ana ɗaukarsa nau'i ɗaya, Anopheles gambiae. A shekarun 1960 George Davidson ya haɗa sauraye daga wurare daban-daban a ɗakin gwaji a Landan, ya ga wasu haɗe-haɗen suna haifar da maza marasa haihuwa, kamar alfadari. Kama da wane ba ta wane. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ware shi ne Anopheles arabiensis, wanda ya fi jure fari, yana cizon shanu da mutane, kuma yakan yi cizo ya huta a waje.

A aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a tsohuwar Jihar Kano, yanzu Jigawa, an yi feshin magani a ɗakuna amma cutar ba ta yanke ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne sauron da ba ya kwana a bango. Mario Coluzzi na Italiya ya nazarci kuromosom na saurayen Nijeriya a wannan zamani, kuma aikinsa ne ya share hanyar gano cewa shi kansa gambiae ɗin yana kan rabuwa biyu. Ɗaya ya fi son kududdufin ruwan sama mai saurin ƙafewa, ɗayan kuma ruwa mai daɗewa kamar na gonar shinkafa, kuma mazansu ba a tari ɗaya suke taruwa don barbara ba. In sun haɗu 'ya'yan suna haihuwa, amma a yawancin wurare ba safai suke haɗuwa ba. A 2013 aka ba na biyun suna Anopheles coluzzii. Ga mutanen da suke noman rani a fadamar Rima, sanin wane sauro ne yake hayayyafa a ruwan gona ba gardamar malamai ba ce, domin shi ne zai nuna irin rigakafin da zai yi aiki da kuma watannin da za a yi shi.

5.3 Inda Ma'aunin Mayr Ya Gaza

Sauron nan ya nuna cewa ma'aunin barbara ba ya yanke kowace shari'a. Akwai kuma inda ba ya aiki sam. Duwatsun ƙasar Sakkwato suna ɗauke da ƙasusuwan halittun teku, tun zamanin da ruwa ya rufe wannan kwari fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce. A 1930 W. E. Swinton ya bayyana wani ƙaton mai jan ciki na ruwa daga nan ya kira shi Mosasaurus nigeriensis. A 1972 masana daga Italiya, bayan sun sami ƙarin ƙasusuwa, suka ba shi jinsi nasa, Goronyosaurus, da sunan Goronyo. Ba mai iya gwada barbarar ƙashi, sai dai sura. Saboda irin wannan ne ma'aunan nau'i da masana suka kawo suka haura ashirin, wasu na sura, wasu na barbara, wasu na tsatso, wasu na muhalli.

6.0 Hukunci da Shawarwari

A ganina laifin Dalziel kaɗan ne, domin ya rubuta abin da zamaninsa ya sani. Babban laifin namu ne da muka mai da littafin tarihi ya zama alƙali. Na taɓa duba wani kundi a kan maganin basir inda ɗalibi ya ji suna a bakin mai magani, ya buɗe ƙamus ya kwafi na Latin, bai taɓa ganin ganyen ba. In sunan nan a garin mai maganin wani tsiro yake nufi daban da na ƙamus, to duk gwajin da za a gina a kan kundin ya tashi a banza, wataƙila ma ya cuci mara lafiya. Saboda haka ina ba da shawara huɗu.

Ta farko, duk mai nazarin da ya ambaci tsiro ya tsinko samfurinsa ya busar, ya rubuta gari da rana da sunan da aka faɗa masa, ya ajiye a ma'ajiyar tsirrai ta jami'a. Suna yana sakewa, samfuri ba ya sakewa.

Ta biyu, a riƙa duba sunan Latin a sababbin madogarai, kamar gyaran da H. M. Burkill ya yi wa littafin Dalziel na 1937, wanda ya fara fitowa a 1985, da rumbunan sunaye na intanet da ake sabuntawa, a kuma rubuta tsohon suna tare da sabo.

Ta uku, sassan Hausa da na ilmin halittu, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran jami'o'inmu, su haɗa hannu su yi sabon ƙamus da Hausa, wanda zai bi kare-karen harshe gari gari, ya kuma bayyana tsarin Bahaushe na namiji da na daji da na kura.

Ta huɗu, a tsayar da jinsi da nau'i da iri a littattafan makaranta, kowace kalma da aikinta.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa sunan Latin yakan sake saboda dalili uku: gyaran rajista kamar na kaɗanya, sake shata iyakar nau'i kamar na ɗorawa da gero, da sake gano tsatso kamar na gawo da bagaruwa. Mun kuma ga cewa sunan Hausa wani lokaci ya fi na Latin tsefewa, wani lokaci kuma yakan dunƙule abin da ya kamata a raba. Kowannensu amsar tambaya ce daban: ɗaya yana tambayar amfani, ɗayan yana tambayar zuriya. Littafin Dalziel ya sa su gefe da gefe bai faɗi haka ba, mu kuma muka karɓa ba mu tambaya ba. Tsofaffin da suka san sunayen ciyayin dajin Gundumi da fadamar Rima suna ƙarewa, dajin kansa yana ja da baya. In ba mu tara samfura da sunaye yanzu ba, masu zuwa bayanmu ba za su sami abin da za su gyara ba.